Kama da Wane Ba Ta Wane: Gargaɗi a Kan Sunan 'Ya Mace

A gidajen masu bi na ƙasar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, ranar suna rana ce ta murna. Tun da asuba ake shimfiɗa tabarmi, a raba goro, fasto ya buɗe Littafi, ya yi addu'a, sa'an nan ya faɗi sunan jaririya a gaban jama'a. Amma wata ɗabi'a ta shigo wadda ya kamata ikkilisiya ta tsawata mata. Iyaye da yawa sun koma zaɓen suna da kunne kaɗai. Za a yi kwana shida ana gardama a kan sunaye biyu masu kama da juna, uwa ta ce wannan ya fi daɗi a baki, goggo ta ce wancan ya fi zama na zamani, ba kuwa wanda ya tashi ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya duba ko wace ce mai sunan. Wannan sakaci ne, yarinyar kuma ita ce za ta biya.

A ɗauki Saratu da Safiratu. Gaɓa ɗaya tak ta raba su. Wani uba yakan ce Saratu ta yi yawa a unguwa, gara Safiratu, ai duk a Littafi suke. Gaskiya ne, duk suna ciki, amma ba a wuri ɗaya suke tsaye ba. Saratu matar Ibrahim ce, wadda ta haifi Ishaku a tsufanta bisa ga alkawarin Allah. Safiratu kuwa, a Ayyukan Manzanni sura 5, ita ce ta haɗa baki da mijinta Hananiya suka ɓoye wani kashi na kuɗin gonar da suka sayar. Ta tsaya gaban Bitrus ta yi ƙarya, ta faɗi matacciya, samari suka binne ta kusa da mijinta. Labarinta ke nan duka, ba wani.

Haka yake ga Nataliya da Ataliya. Na farko daga Latin ya fito, yana tuna ranar haihuwar Ubangiji, ya dace da yarinyar da aka haifa lokacin Kirsimeti. A cire harafi ɗaya, sai a faɗa a kan sarauniyar da 2 Sarakuna sura 11 ta ba da labarinta, wadda ta karkashe 'ya'yan gidan sarauta don ta hau gado, ta yi shekara shida tana mulki. Izabel kuma ba kome ba ne sai Alisabatu da ta bi ta bakin Turawa, wato uwar Yahaya Mai Baftisma. Amma bakin tsofaffi a ƙauye ba ya daɗewa kafin ya karkata shi zuwa Yezebel, matar Ahab, wadda ta sa aka jajjefe Nabot saboda garkar inabinsa. Iyayen da suke da Alisabatu a harshensu, me ya kai su ga sunan da zamewar harshe kaɗan za ta mai da shi zagi?

Akwai masu cewa wannan tsanani ne. Suna ba ya ceton mutum, bangaskiya ce take ceto. Wannan daidai ne, ba mai musu. Rahab karuwa ce a Yariko, duk da haka tana cikin jerin kakannin Almasihu a Matiyu sura 1. Yarinya mai suna Safiratu tana iya zama mai gaskiya fiye da Saratu goma. Amma ba a kan ceto ake magana ba, a kan nauyin da aka ɗora wa yarinya ne ba da saninta ba. Wata rana za ta zauna a makarantar Lahadi, malama ta kai ga sura 5, yara duka su juyo su dube ta. Wanda ya taɓa koyar da yara ya san ba za su bar maganar a bakin ƙofar majami'a ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wa yake sa wa abin da yake ƙauna linzamin da bai duba ba?

Allah kansa bai raina ɗan bambancin da yake tsakanin suna da suna ba. A Farawa sura 17 ya sāke wa Saraya suna ta zama Saratu. Sunayen biyu kusan ɗaya ne a kunne, amma na biyun ya zo da alkawari. In Mahalicci ya kula da harafi, bai kamata uba ya ce duk ɗaya ne ba.

Abin mamaki, inda sunaye suke ɗaya da gaske, can ne ake tada jijiyar wuya. Wani gida ya ƙi Maryamu, ya ƙi Hannatu, wai maƙwabta Musulmi suna da su, ya gudu zuwa Marie da Anne don a san 'yarsa Kirista ce. Alhali Marie Maryamu ce, Anne kuma Hannatu ce, uwar Sama'ila, ma'anar sunanta kuwa alheri. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a bakin masu bi. Faransanci ba harshen sama ba ne. In maƙwabci ya ji sunan 'yar Kirista ya gane shi, ai ƙofar zumunci ce ta buɗe, har da ta shaida. Ga kuma sunaye irin su Godiya, Alheri, Murna, waɗanda kaka da jika duk sun san abin da suke nufi ba sai an yi musu fassara ba.

Saura maganar takarda, wadda ita ce takan fi ciwo daga baya. A Nijar magatakarda da ƙa'idar Faransanci yake rubutu, Saratu ta koma Saratou, Hannatu ta koma Hannatou. Wannan ba laifi ba ne in an bi shi ko'ina. Wahalar tana zuwa ne sa'ad da uba ya aiki wani ya faɗi sunan da baki. Magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji, fasto ya rubuta nasa a littafin ikkilisiya, malamin makaranta ya rubuta na uku. Ba wanda zai lura sai yarinya ta kai ga jarrabawar BEPC, a tarar takardar haihuwa da ta makaranta ba su yi daidai ba. Daga nan sai zirga-zirga zuwa gidan shari'a, da kashe kuɗin da aka tara don littattafanta. Da aka tambayi Zakariya sunan ɗansa a Luka sura 1, allo ya nema ya rubuta, gardamar dangi ta ƙare nan take.

Saboda haka aikin ba mai wuya ba ne. Kafin ranar suna, uba da uwa su zauna tare, su buɗe Littafi, su karanta labarin mai sunan daga farko har ƙarshe. In ba su iya karatu ba, su je wurin fasto ko mai bishara. In sunan na waje ne, daga fim ko daga waya, su tambayi ma'anarsa, su kuma sa kakar yarinyar ta faɗe shi sau uku, su ji yadda zai fito. Sa'an nan su rubuta shi a takarda ɗaya, ita za a kai wa fasto, ita za a kai ma'aikatar magajin gari. Shugabannin ikkilisiya kuma su daina jin kunyar tambaya. Fasto da ya karɓi suna da asubar ranar biki, ya faɗe shi bai bincika ba, yana da rabo a cikin laifin.

Rago yakan ƙare a yini ɗaya, zanen suna ya tsufa ya yage, amma sunan yana nan, za a kira shi ranar baftismarta, da ranar aurenta, har a bakin kabarinta. In ta girma ta tambayi mahaifinta dalilin sunanta, ya kamata ya sami amsar da ta fi cewa ya yi daɗi a kunne.