Ra'ayinmu: Wuta Ba Ta Cinye Magana

'Yan'uwa, manomin Kadawa da ya sayar da tumatir da shinkafa ya tura ɗansa jami'a, gargaɗi ɗaya yake yi masa: ka kama bakinka, ka karɓo takardarka. Mun san mafarin wannan tsoro. A 1978, lokacin zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta, an harbe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin Obasanjo kuma ta soke ƙungiyarsu ta ƙasa. Ran 23 ga Mayu 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka sake kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da ta kafa tashar binciken noman rani a nan Kadawa. A 1988 gwamnatin Babangida ta kori malami Patrick Wilmot daga ƙasar. Bindiga ta fara da ɗalibi, ta ƙare da abin da ake koya masa.

Koriya ta Kudu ta sha irin wannan. A 1981, zamanin Janar Chun Doo-hwan, an kama mutum 22 a birnin Busan, aka azabtar da su, laifinsu kuwa taruwa su karanta littattafai. A Janairun 1987 ɗalibi Park Jong-chul ya mutu a hannun 'yan sanda. Limaman Katolika ne suka tona rufa-rufar da aka yi, kuma a watan Yuni babbar majami'ar Myeongdong ta ba ɗalibai mafaka. Kafin watan ya ƙare, gwamnati ta amince jama'a su zaɓi shugabansu da kansu.

Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafin Irmiya da wuƙa, ya zuba a wuta. Baruk ya sake rubuta shi, har da ƙari.

Ba mu goyon bayan jifa ko ƙone-ƙone; ɗalibin da ya yi ɓarna ya amsa laifinsa gaban alƙali. Amma karatu ba laifi ba ne, tambaya kuma ba tawaye ba ce. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku abin da suke karantawa, ku tattauna da su, kada ku ƙwace. Dattawan ikkilisiya, in an tsare ɗan wani, ku je ku tambayi inda yake, ku nemo masa lauya. Mai noman rani ya sani: in an toshe kwata daga sama, gonar kowa ce za ta bushe.