Gyaran Majalisa: Mu San Wanda Ya Ce I Da Wanda Ya Ce A'a

A watan Fabrairu na 2024, wasu 'yan Majalisar Wakilai su kimanin 60 suka gabatar da shirin doka na neman a mai da Nijeriya kan tsarin mulkin firayim minista. Hujjarsu ita ce tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko yana da tsada, kuma ya tara iko a hannun mutum guda. Maganarsu abin dubawa ce. Amma fa kafin mu sake rushe gida mu gina sabo, ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya raba talaka da wakilinsa tun farko.

Duka tsarin biyu mun ɗanɗana su. A Jamhuriya ta Farko irin na Ingila muka bi, bai hana 'yan Majalisar Jihar Yamma jifar juna da kujeru a Ibadan a 1962 ba, bai kuma hana juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ba. Daga nan kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya naɗa a 1975, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya kawo mana irin na Amurka. Aka soma aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 1979, soja suka kifar da shi ranar 31 ga Disamba 1983, kuma jama'a ba su fito sun kare majalisarsu ba. Watau sau biyu ke nan ana sauya wa tuwo suna.

A ganina, babban abin da ya ci amincin da ke tsakanin jama'a da majalisa shi ne duhun da ake aiki a cikinsa. Mutum ya bi dogon layi cikin rana ya zaɓi wakili, amma har shekara huɗu ta ƙare ba shi da hanyar sanin ɓangaren da wakilin nan ya bi a kan dokar haraji, ko cin bashi, ko kasafin kuɗi. Dalili kuwa shi ne yawancin al'amura da ƙuri'ar murya ake yanke su. Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su amsa, masu ƙi su amsa, sa'an nan ya buga guduma bisa ga abin da kunnensa ya jiye masa.

Abin da ya faru ranar 20 ga Maris 2025 ya isa misali. Sashe na 305 na tsarin mulkin 1999 ya ce dokar ta-ɓaci ba ta ɗorewa sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, watau sanatoci 73 daga cikin 109, da wakilai 240 daga cikin 360. Amma da aka zo kan dokar ta-ɓacin Jihar Ribas, majalisun biyu da murya suka amince. Ko da a ce adadin ya cika, ta yaya kunne zai ƙidaya mutum 240? Wanda ke goyon bayan dokar da wanda ke ƙin ta duk an bar su cikin zato, zato kuwa shi ke kashe yarda.

Mun kuma ga abin da haske ke yi. A watan Mayu na 2006, lokacin da ake neman gyara tsarin mulki domin ba shugaban ƙasa damar zarcewa karo na uku, an nuna muhawarar Majalisar Dattijai kai tsaye a talabijin. Kowane sanata ya miƙe ya yi magana yana sane mutanen garinsu na kallonsa, shirin kuwa ya mutu ranar 16 ga wata. Haka nan a watan Yuli na 2021, da aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya a kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, jaridu sun buga sunayen 52 da suka bi ɓangare ɗaya, da 28 da suka bi ɗayan, da waɗanda ba su halarta ba. Ranar nan kowa ya san matsayin nasa.

Batun kuɗi ma haka yake. Sai a 2018, da Sanata Shehu Sani ya faɗa da bakinsa, jama'a suka ji cewa kowane sanata na karɓar Naira miliyan 13.5 a wata domin tafiyar da ofis, ban da albashi. Ma'aikacin gwamnati da ba ya iya fitar da kuɗin fetur sai da takardar shaida da sa hannun akanta, yaya zai ji da wannan labari?

Wani zai ce ai tsarin mulki ya ba da damar yi wa wakili kiranye. Gaskiya ne, sashe na 69 ya tanadi haka, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu. A ƙasar da waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, wannan ƙofa ce da aka rufe da kwaɗo. Yunƙurin da aka yi a Jihar Kogi a 2018 da 2025 duk bai kai ko'ina ba.

Saboda haka gyaran da ya fi gaggawa ba ya bukatar taron ƙasa. Majalisa na iya gyara ƙa'idojin zamanta da kanta, ta wajabta ƙirga ƙuri'a da suna a kan kasafin kuɗi, da cin bashi, da duk abin da tsarin mulki ya gindaya wa adadi. A riƙa buga rajistar halartar zama, tun da sashe na 63 ya ce a zauna aƙalla kwana 181 a shekara. A kuma bayyana kasafin majalisar dalla-dalla, a fassara shi cikin harsunan ƙasa domin gidajen rediyo su karanta.

Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Wakilin da ya riƙe amana ba abin da zai rasa idan aka rubuta sunansa kusa da ƙuri'arsa. Mu kuma masu zaɓe, musamman ɗalibai da ma'aikata, duk wanda ya zo neman ƙuri'armu mu fara tambayarsa ko ya yarda a yi hakan.