Filin Kimiyya: Kafin Ku Jona Wufa da Amfilifaya



Ranar Lahadi mun shiga kasuwar Illela, muka tsaya a rumfar wani mai gyaran rediyo. Sai ga samari biyu sun sauke wufa, akwatin nan mai fitar da kaurin amo har ƙirji ya girgiza. Aronta suka yi don bikin yayansu, ga shi ta yi shiru tun ba a fara ba. Sun ɗauko wayar da ke fita daga amfilifaya zuwa sifika, suka ɗaura mata filogi ja da fari, suka soka a ramin wufa da aka rubuta wa "Line In".

Mu yi lissafi irin na ajin Fiziks. Ramin nan an yi shi ne don sigina maras ƙarfi, bolt 1 zuwa 2. To, amfilifaya mai wat 50 da ke tura sifika mai om 8 fa? Mu ninka 50 da 8, mun sami 400. Wace lamba za a ninka da kanta ta ba da 400? Ita ce 20. Ke nan bolt 20 aka ɗura a inda ake jiran 2. Sauti zai dagule, kayan ciki kuma suna iya ƙonewa.

Akwai wani haɗarin. A amfilifaya da yawa, musamman na mota, baƙar wayar sifika ma tana ɗauke da wuta. In ta taɓa ƙarfen gefen filogi, amfilifayar kanta tana iya tafiya.

Ga yadda ake yi. Mu fara duba bayan amfilifaya. In akwai "Sub Out", nan za a jona. In babu, mu duba wufar, wasu suna da ramin wayar sifika mai suna "High Level". In shi ma babu, sai a nemi ɗan akwatin rage sigina wurin masu sautin mota. Kuma kada mu taɓa waya sai mun kashe wuta.

Tambaya ba ta ɓata. Minti biyu da mai gyara sun fi biyan kayan aro.

Aikin gida: wat 200, om 8, bolt nawa ke nan? Ku aiko da amsa, da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.