Jagorancin 'yan sa kai ga matasa masu neman aiki: Ina tsadarsa take?

A Brussels, babban birnin Beljiyam, ƙungiyar DUO for a JOB, wadda aka kafa a shekarar 2013, tana haɗa matasan da asalinsu ba na Tarayyar Turai ba ne da dattawa masu shekaru 50 zuwa sama da suka daɗe a bakin aiki.

Su biyun kan gana duk mako har tsawon wata shida, kuma dattijon ba ya karɓar ko sisi.

Ba aiki yake bai wa matashin ba. Yana nuna masa yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake amsa tambayoyin masu ɗauka, sannan ya gabatar da shi ga mutanen da ya sani. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci ga ɗan baƙo, domin guraben aiki da dama ta bakin sanayya ake jin labarinsu.

To amma rashin biyan albashi bai sa shirin ya zama kyauta ba. Sai an tantance 'yan sa kan, an horar da su, an kuma ɗauki ma'aikatan da za su zaɓi wanda ya dace da wane, su riƙa bibiya. A nan kuɗin ke tafiya.

A 2014 masu zuba jari ne suka ɗauki nauyin shirin, bisa sharaɗin cewa Actiris, hukumar samar da aikin yi ta Brussels, za ta mayar musu da kuɗinsu ne kawai idan matasan suka fi takwarorinsu samun aiki.

Rage kuɗin bibiya kuwa yana da haɗari. Wani nazari da Jean Grossman da Jean Rhodes suka wallafa a 2002 kan shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka ya nuna cewa yaran da alaƙarsu da jagora ta yanke kafin wata uku sun ƙara raina kansu, yayin da waɗanda suka kai shekara guda suka fi amfana. Yara nazarin ya shafa, ba masu neman aiki ba, amma darasin bai yi nisa ba.

A 2021 gwamnatin Shugaba Emmanuel Macron ta Faransa ta ƙaddamar da irin wannan shiri a faɗin ƙasar, da burin kai wa ga matasa dubu 100 a shekarar farko. Jagora dai na iya sauya wanda zai samu gurbi, amma yawan guraben yana hannun masu kamfanoni.