Ra'ayinmu: Ma'aikacin Gidan Waya da Kwalbarsa

A shekarar 1971 wani marubucin Amurka, Charles Bukowski, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Post Office. Labarin Henry Chinaski ne, ma'aikacin gidan waya a birnin Los Angeles, wanda ya shafe shekaru yana fama da wasiƙun jama'a, albashinsa kuwa yana ƙarewa a giya da cacar sukuwa.

Mun ji wasu 'yan'uwanmu suna yaba masa, wai shi ne ya gane aikin gwamnati wahalar banza ce. Mu ba mu yarda ba. Gobe za a tura waninmu Faskari ko Sabuwa, ko Ƙanƙara inda 'yan bindiga suka sace ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020. A irin waɗannan wurare, idan malami ko akawu ya zo aiki a buge, ko da giya ko da maganin tari mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018, talakan da ya yi sammako daga ƙauye shi zai koma hannu banza. Mu karanta littafin don ya zame mana gargaɗi, domin aikin da za a ba mu amana ce.