Masu bidiyo, a daina yaudarar jama'a da hoton bango

Wasu matasanmu masu neman mabiya a TikTok da YouTube sun ɗauki wata ɗabi'a: su manna hoton ɗan wasa, su rubuta "ya rasu" da jan rubutu, ka buɗe ka tarar tallar turare ce. Mai kallo ya ƙona kuɗin datarsa a banza. Gobe ko gaskiya ka ɗora, wucewa zai yi.

Ita kanta YouTube ba latsawa kaɗai take ƙirgawa ba. Tun 2024 tana barin mai tasha ya gwada hotuna har 3, kuma wanda ya fi zaunar da mutane suna kallo shi ke cin gwajin. Ka ciro hoton daga cikin bidiyon kansa, fuska ɗaya a fili, da kalmomi uku ko huɗu masu karantuwa a ƙaramar salula.