Zauren 'Yanmata: Albasar Kwaɗi a Gindin Dogon Yaro

Da yawanku kun rubuto kuna kukan cewa duk furen da kuka dasa, rana sai ta ƙone shi. Ai dole! A Birnin Kebbi zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ina furen kati zai kai labari? Shi ya sa yau na kawo muku 'yar gida, albasar kwaɗi, wadda ke fitowa da kanta a fadamun gulbin Rima, daga Argungu har bayan Birnin Kebbi.

Kada sunan ya sa ki yatsina fuska. Da ruwan farko ya sauka, sai ta zuro kara ɗaya daga ƙasa, ta buɗe furanni farare manya, kowane da jan zane a tsakiya kamar an ja masa layi da jan-baki. Ni dai a wurina ta fi furen robar da ake jerawa a ɗakin amare sau goma.

Ki sa yayanki ya roƙo miki ƙwaya ɗaya wurin mai gona, kada ki tafi fadama ke kaɗai. Samo tsohuwar randa, ki huda gindinta, ki haɗa ƙasar fadama da yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada ki binne ta duka, bar wuyanta a waje. Sai ki ajiye a gindin dogon yaro ko mangwaro, inda hantsi zai taɓa ta amma ranar azahar ba za ta same ta ba.

To ga inda ake yin asara. In rani ya yi, ganyen yakan bushe ƙurmus, sai yarinya ta ce ta mutu, ta kife randar a bola. Wata kuma tausayi ya sa ta yi ta ɗura mata ruwa safe da yamma har ta ruɓe. Ba mutuwa ta yi ba, barci take. Ki rage ruwa, ɗan yayyafi jefi-jefi ya isa. Kuma ba ta son a riƙa tone ta ana leƙe. In an canja mata wuri tana iya yin shekara ba ta yi fure ba.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi wasa da shi ba: wannan ba albasar Aliero ba ce, tana da dafi. Kada ki kuskura ki ajiye ta kusa da madafa ko cikin kwandon cefane, domin ƙanwarki da aka aika ta ɗauko albasa ba za ta bambance ba. Ki gaya wa Inna ko mene ne a randar, ki kare ta daga yara da awaki, in kin taɓa kuma ki wanke hannu da sabulu.

Wadda tata ta yi fure a daminar bana, ta rubuto mini ta faɗi guda nawa ta buɗe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.